Manhajar shagon Kawu tana sandarewa duk ranar da farashi ya canza

Nura_TudunWada

Assalamu alaikum. Masu hannu a C#, don Allah ku duba min wannan, don abin ya fara zubar min da ƙima a gaban Kawuna.

Kawu yana da shagon kayan gyaran babur da Keke da janareta a Tudun Wada, ba nisa da tsohuwar Panteka. Bara da na gama hidimar ƙasa ina zaune babu aiki, sai na ce bari in raba shi da littattafan nan masu bangon kwali da yake rubuta farashi da bashi a ciki. Na rubuta masa 'yar manhaja da WinForms (kayan gina tagogin manhaja a Windows) a kan .NET Framework 4.8, bayanan kuma suna cikin SQLite, wato rumbun ajiyar bayanai mai fayil ɗaya tal, don in riƙa kwafe shi a filas duk Juma'a. Kwamfutar tsohuwar laftof ce ta hannu, Windows 10, RAM ɗinta 4GB, faifan ajiyarta irin mai juyawa ne ba SSD ba. Batiri kuwa ya daɗe da mutuwa. Ana ɗauke wuta take bin ta, sai an tada janareta.

Sayar da kaya da buga rasit duk lafiya lau. Ranar canjin farashi ce matsalar. Dilan da Kawu yake sari a wurinsa a Nnewi yakan turo jerin farashi a Excel ta WhatsApp duk sanda dala ta motsa, layi 13,800 da 'yan kai, tun daga fulogi da zoben fistin har zuwa noti da wosha. Na sa maɓalli guda na rubuta masa "Shigo da Farashi". Idan aka danna, sai ya goge teburin farashi na da, ya buɗe fayil ɗin ta Excel Interop (wato manhajata tana aiken Excel ɗin kansa ya karanto mata), ya bi layi-layi yana karanta gurbi biyar, ya yi INSERT (ya shigar da layin a SQLite), sannan ya ƙara layin a DataGridView, wato teburin da ke kan allo, don mutum ya ga abin da ya shiga.

Da an danna shi ke nan. Taga ta yi fari fat kamar an shafa mata alli, sama ta rubuta "Not Responding", linzami ya koma ɗan zoben nan mai juyawa. Haka za a zauna kusan minti goma. Ni na san aiki take yi a ciki, ina ma jin faifan yana ƙaras-ƙaras. Ɗanlami yaron shagon bai sani ba. Wata Asabar ina Kawo wajen ɗaurin aure, ya ga ta yi fari, ya danna alamar rufewa, Windows ta tambaye shi ko ta kashe manhajar, ya ce e. Tsohon farashi an goge, sabo bai kai rabi ba. Bakanike ya zo neman kabireta, aka duba, manhaja ta ce babu ita a duniya. Kawu ya sunkuya ya ciro littafinsa daga ƙarƙashin kanta, ya kaɗe masa ƙura, bai ce min uffan ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Sai na bincika intanet na ga ana cewa a sa Application.DoEvents a cikin zagayen. Na sa, farin ya daina, har ana iya jan tagar, na yi murna. Mako biyu bayan nan Ɗanlami ya danna maɓallin, ya ga kamar babu abin da ya faru, ya ƙara dannawa. Da ta gama, kusan kowane kaya ya fito sau biyu. Na kwana ina gogewa.

Abin da nake so: a danna, aiki ya tafi, a ga sandar da ke nuna inda aka kai, taga kar ta yi fari, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya kar shago ya wayi gari babu farashi. Ta ina zan kama?

Shamsu_Rigasa

Wa alaikumus salam mutumina. Wannan ai ƙaramin abu ne. Kwashe aikin duka ka zuba a sabon Thread ka tashe shi. Zai yi maka ihu cewa "Cross-thread operation not valid" idan ka taɓa teburin daga can, sai ka je farkon fom ɗin ka mayar da CheckForIllegalCrossThreadCalls ya zama false, zai yi shiru. Haka na yi a manhajar sakamakon jarrabawa da na rubuta wa wata makaranta a nan unguwarmu, shekara biyu ke nan babu wanda ya kira ni.

SQLite kuma ka ba shi PRAGMA synchronous=OFF, za ka ga gudu kamar jirgin Abuja.

Injiniya_Bilkisu

Nura, sannu da ƙoƙari. Shamsu, ka yi haƙuri, rabin maganarka ta farko daidai ce, sauran kuma ba zan bari ƙaninmu ya kai ta shagon mutane ba.

Bari in fara da dalilin farin, don in ka gane shi ba za ka sake neman dabara ba. Duk tagar WinForms zare ɗaya ne (Thread, wato mai gudanar da aiki ɗaya bayan ɗaya a cikin manhaja) ke kula da ita, shi ne wanda ya ƙirƙire ta. Aikinsa ya tsaya a bakin layin saƙonni: an danna nan, an motsa linzami, a sake zana wancan gefe. Ya ɗauki saƙo, ya biya buƙata, ya dawo ya ɗauki na gaba. Ɗauke shi kamar Ɗanlami a kan kanta. Kai kuma da ka zuba aikin minti goma a cikin maɓalli, tura Ɗanlami ka yi sito ya ƙirga kaya, kanta babu kowa, kwastomomi suna ta sallama. Windows tana lura. Idan zaren ya yi kamar daƙiƙa 5 bai leƙa layin ba, sai ta ɗora wata tagar bogi a kan taka, ita ce mai farin nan da rubutun "Not Responding". Manhajarka ba ta mutu ba, ba ta amsa sallama ne kawai.

DoEvents kuma cewa ka yi Ɗanlami ya riƙa fitowa daga sito bayan kowane katan ya saurari duk wanda ke tsaye. Cikin masu tsayuwar har da danna na biyu. Sai aikin ya sake tashi daga farko a cikin cikin na farkon: ya goge tebur, ya shigar da duka 13,800, ya gama, sannan na farkon ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Shi ya sa ka ce "kusan" kowane kaya. Duba da kyau, 'yan layukan farko sau ɗaya suka fito.

Gyaran shi ne a bar Ɗanlami a kanta, a tura wani sito. Tun C# 5 da ya zo da Visual Studio 2012 akwai async da await, kuma 4.8 ɗinka yana da duk abin da ake buƙata. Sa async a kan aikin maɓallin, cikinsa ya zama kamar haka:

    maballi.Enabled = false;
    var rahoto = new Progress<int>(NunaCiGaba);
    try
    {
        var kaya = await Task.Run(() => ShigoDaFarashi(fayil, rahoto));
        tebur.DataSource = kaya;
    }
    finally
    {
        maballi.Enabled = true;
    }

Layin farko shi ne maganin danna biyu, kar ka raina shi. ShigoDaFarashi kuma kar ya san akwai wani abu wai shi tebur ko maɓalli ko sanda. Ya karɓi sunan fayil, ya buɗe nasa haɗin da SQLite a can ciki, ya yi aikinsa, ya dawo da jerin kaya. Task.Run ne ke tura aikin zuwa wani zare a baya, abin da ke bayan await kuma yana komowa kan zaren fuska, wato mai kula da taga, da kansa, shi ya sa za ka iya taɓa tebur a wurin ba tare da Invoke ba. Haka ma Progress, in dai a zaren fuska ka ƙirƙire shi kamar yadda na rubuta, duk rahoton da aka aiko daga baya a zaren fuska zai sauka.

Amma kar ka aika rahoto a kowane layi. Saƙo 13,800 a jere zai cika layin saƙonni, fuskar ta koma yin nauyi, ka ce ban faɗa maka gaskiya ba. Allon laftof ɗin sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, ido kuma ko haka ba ya buƙata. Bayan kowane layi 200 ya isa. Ka ƙara catch a tsakanin try da finally ka nuna saƙo da Hausa, don aikin maɓalli async void ne, kuskuren da ya kuɓuce daga cikinsa ba za ka iya tare shi da try da catch daga waje ba. Sannan ko da wasa kar ka rubuta Result ko Wait a madadin await. In ka yi haka ka koma gidan jiya ke nan, fuska za ta tsaya jira. Idan kuma aka yi rashin sa'a aikin bayan ya kira Invoke, shi yana jiran fuska, fuska tana jiransa, sun yi cirko-cirko har a tashi kasuwa.

Batun kashe CheckForIllegalCrossThreadCalls, cire fitilar gargaɗin mai ne daga gaban mota don ta daina damunka. Binciken ma da ma idan kana gudanar da manhaja ƙarƙashin dibaga (abin farautar kuskure a kod) yake kunne, an sa shi ne don ya kama ka tun a ɗakinka. Kashe shi bai mayar da taɓa tebur daga wani zare halal ba. Yau ya yi aiki, gobe tebur ya zana jan gicciye ko manhaja ta rufe babu sallama, kuma ba za ka iya maimaita matsalar a gida ba.

Nura_TudunWada

Anti Bilkisu Allah ya saka da alheri. Na duba ajiyar da na yi ta ranar, layi 41 na farko ne kawai ba su ninku ba. Kamar kina wurin.

Amma ga abin da ya ɗaure min kai. Kafin in ga amsarki na riga na gwada await a jiya da dare, sai dai ban sa Task.Run ba. Na canza ExecuteNonQuery zuwa ExecuteNonQueryAsync na sa masa await, ina ganin ai shi ke nan. Ta yi fari kamar kullum. Yanzu da na bi naki, farin ya tafi, sanda tana tafiya, ina iya jan taga. Sai dai har yanzu minti tara da wani abu take ci. Kawu ba zai ga bambanci sosai ba, shi dai ya san an hana shi duba farashi har shayinsa ya huce.

Malam_Ado_Mando

Malam Nura, barka da dare. Ina karanta ku tun ɗazu, na bari Injiniya ta gama nata, don ta fi ni iya sababbin abubuwan nan. Ni da VB6 na fara, lokacin DoEvents shi ne abincinmu, kuma duk wanda ya ci ya san cikin da yake sa wa. Da BackgroundWorker ya zo a .NET 2.0 a 2005 ji muka yi kamar an yi mana salla.

Na farko, abin da ya ɗaure maka kai. SQLite ba sabar ba ce da ake aika wa saƙo a jira amsa, laburare ce a cikin manhajarka, kuma ba ta da hanyar rubutu a faifai ba tare da jira ba. Waɗannan masu Async a ƙarshen sunansu, a wurinta suna ne kawai, a kan zaren da ya kira su suke gama aikinsu kafin su dawo. Masu Microsoft.Data.Sqlite ma sun rubuta haka a bayaninsu. To await ɗinka bai taɓa sakin fuskar ba.

Na biyu shi ne inda nake so ka zauna. Ka mayar da aikin baya, madalla, amma ɓoye jinkiri ka yi, ba ka rage shi ba. Mu yi lissafi. Idan ba ka buɗe tiranzakshan da kanka ba, wato ƙunshin aiki da ko dai ya shiga duka ko kar komai ya shiga, SQLite tana ɗaukar kowane INSERT a matsayin nasa tiranzakshan, kuma ba ta cewa ta gama sai ta tabbatar abin ya zauna a faifai. Su kansu masu SQLite sun ce wannan yakan ci kamar juyi biyu na faifan, wato mai juyi 7,200 a minti ba zai wuce kamar 60 a daƙiƙa ba. Faifan laftof irin taka galibi mai 5,400 ne, juyi 90 a daƙiƙa, ka raba biyu, 45. Raba 13,800 da 45, ka samu daƙiƙa 300 da ɗoriya. Minti biyar ɗinka ke nan, kana zaune kana jiran ƙarfe ya zagayo. Kamar ka ɗauki buhun shinkafa daga Kasuwar Sheikh Gumi zuwa Mando da cokali, kowane cokali da tafiyarsa.

Buɗe BeginTransaction kafin gogewar, ka yi gogewa da shigarwar duka a ciki, Commit sau ɗaya a ƙarshe. Umarnin INSERT ɗin ma ka gina shi sau ɗaya da faramita, ka riƙa canza ƙimarsu kawai a zagaye. Kuma lura da abin da ka samu kyauta: idan Ɗanlami ya kashe ta a tsakiya, ko aka ɗauke wuta, Commit bai faru ba, da an sake buɗe fayil ɗin SQLite za ta mayar da komai yadda yake, tsohon farashi yana nan daram. Abin da ya faru ranar ɗaurin auren ba matsalar sandarewa ba ce a asali, rashin wannan ne. Ko da taga ba ta taɓa yin fari ba, ɗauke wuta ɗaya zai yi maka irin ɓarnar.

Shi ya sa shawarar synchronous=OFF ta tayar min da hankali. Gudun da take bayarwa daga daina jiran faifai yake zuwa. A kwamfutar da babu batiri, a garin da wuta ba ta sallama kafin ta tafi, kana iya wayar gari da fayil ɗin da ya lalace gaba ɗaya, har da bashin da ake bin makanikai. Shamsu ɗana, in ka sa wannan a ta makarantar nan, ka je ka cire.

Sauran mintunan kuma kar ka yi hasashe. Sa Stopwatch a wuri uku, karatu, rubutu, nunawa, ka kawo mana lambobi. Ina zargin Interop, don duk gurbin da ka karanta sai an yi aike zuwa wata manhaja daban an dawo, kai kuma gurbi 69,000 kake karantawa. Ko ka ɗebo duka a kira ɗaya da Value2, ko ka rabu da shi ka ɗauki ExcelDataReader, wanda ba ya ma buƙatar a girka Excel a kwamfutar.

Ka kuma sa UNIQUE a lambar kaya. Da yana nan, ranar danna biyu kuskure za ka gani maimakon kwanan gogewa.

Shamsu_Rigasa

Na ji Baba. Ta makarantar tana kan inbata shi ya sa ban taɓa gani ba. Zan cire in na je ƙarshen zango.

Nura_TudunWada

Jama'a na dawo da lambobi, kuma na ji kunya kaɗan.

Kafin gyara, a laftof ɗin shagon: karatu daga Excel minti 2 da daƙiƙa 20, rubutu a SQLite minti 5 da rabi, cika tebur kusan minti ɗaya da rabi. Malam Ado, lissafinka bai kauce ba sai da 'yan daƙiƙu. Na tebur ɗin laifina ne tsantsa, na bar AutoSizeColumnsMode a kan AllCells, wato duk layin da na ƙara sai ya sake auna faɗin ginshiƙai. Na mayar da shi faɗi tsayayye, na ba shi jerin gaba ɗaya ta DataSource yadda Anti ta rubuta.

Bayan gyara, da ExcelDataReader da tiranzakshan ɗaya: duka-duka daƙiƙa 4. Na yi zaton bai yi aikin ba ne, sai da na ƙirga layukan. Abin dariyar, sandar ci gaban da na ɓata yamma guda ina yi wa kwalliya, yanzu kafin ka kalle ta ta cika. Na yi tunanin in cire Task.Run ma tunda bai kai daƙiƙa 5 ba, sai na tuna ranar da Windows take nata sabuntawar a baya faifan nan rarrafe yake, huɗu za ta iya zama ashirin. Na bar shi.

Na yi gwajin wuta ma. Na kwafe fayil ɗin a filas tukuna, na sa jinkiri na ƙarya a cikin zagayen don in samu lokaci, na danna, da sanda ta kai rabi na zare caja daga bango. Ɗanlami ya riƙe baki. Na kunna, na buɗe, tsohon farashi cif, kabireta tana nan. Sau uku na yi.

Abu ɗaya ya ɓullo wanda da babu shi. Tunda yanzu taga tana amsawa, a gwajin nan mai jinkiri Ɗanlami ya shiga shafin sayarwa ya yi ƙoƙarin buga rasit ana tsakiyar shigarwa. Shafin ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya fito da "database is locked". Da can sandarewar ce take hana shi, ashe gadi take min ban sani ba. Na karanta cewa WAL, wani tsarin rubutu na SQLite, yana barin mai karatu ya yi karatu ana rubutu. Shi zan kunna, ko in rufe shafin sayarwa kawai har a gama?

Injiniya_Bilkisu

WAL zai bar shi ya duba farashi ana shigarwa, tsohon zai gani har a yi Commit, kuma hakan daidai ne. Amma mai rubutu ɗaya ne a lokaci guda ko da WAL, rasit kuma rubutu ne, don haka zai jira dai. Ga aikin daƙiƙa 4 ni ba zan wahalar da kaina ba: kashe maɓallin sayarwa tare da na shigo da farashi, ka kunna su tare a finally.

In ka kunna WAL kuma ka tuna da kwafin Juma'arka. Zai ƙara fayil biyu a gefen na asali, masu ƙarewa da wal da shm, kuma sabbin bayanai suna iya zama a na wal ɗin ba su koma babban ba tukuna. Rufe manhajar kafin ka kwafa, kar ka ja fayil ɗaya tana buɗe ka tafi gida da rabin mako.